Kalmar da aka rubuta a karnen ƙanwata

Cikin sanyin watan Janairu ne, wajen ƙarfe biyu na dare, ɗan kishiyar ƙanwata ya zo yana dukan ƙofarmu, ya ce in zo maza-maza. Na tarar da ita durƙushe a gefen gado, ta dafe mara da hannu biyu, zanen jikinta ya jiƙe sharkaf. Cikin wata uku gare ta. Mijinta ya zo gida da kaka, ya ga an zuba hatsi a rumbu, ya koma Abijan wajen bida kamar yadda mazan Adar da yawa suke yi. Muka tayar da maƙwabcinmu mai adaidaita, muka nufi wata matanite, wato asibitin haihuwa, a nan cikin Tawa.

Wadda muka fara tararwa a bakin aiki ba ta ce mata kwanta ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Mi kika sha?" Ƙanwata ta ce ba ta sha komai ba. "Ina mijinki?" Aka ce yana Abijan. Sai ta dubi abokiyar aikinta, irin kallon nan da kowace mace ta san ma'anarsa. Na ce mata, "Baiwar Allah, ki duba ta tukuna, jini ne ke zuba." Allah ya kawo wata dattijuwar ungozoma, ta ce, "Ɗiyata, zo ki kwanta, sannu," ta sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata wankin ciki. Da hantsi aka sallame mu da takardar magani da karnenta, wato ɗan littafinta na asibiti.

A cikin karnen nan an rubuta kalmomi biyu da faransanci: avortement incomplet. Ƙanen mijinta, wanda ya yi lakwal har koleji, ya karɓa ya karanta, ya je ya ce wa uwarsu ga shi nan a rubuce, zubar da cikin ta yi. Kafin la'asar magana ta kai Abijan ta salula. Abin da yaron nan bai sani ba shi ne, a bakin likitoci kalmar nan guda ɗaya ce ga cikin da ya fita da kansa da wanda aka fitar da gangan. Mu a Hausa muna da biyu: akwai ɓari, wanda ƙaddara ce ake yi wa mace jaje a kansa, akwai kuma zubar da ciki. Na ja shi har gaban dattijuwar nan ta yi masa bayani. Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Amma bai bi gidajen da ya kai labarin farko ya kai na biyu ba, kuma magana zarar bunu ce.

Shekara ta zagayo, ta sake yin ɓari. Wannan karon ba ta faɗa wa kowa ba. Kwana uku tana ɗaki tana shan jiƙe-jiƙe, har zazzaɓi ya rufe ta, jikinta ya fara wari. Da na yi mata faɗa a hanyar asibiti, ta ce da ni, "Yaya, gara in mutu a ɗakina da a sake karanta ni a tsakar gida." Kwananta tara a kan gado kafin ta iya tsayawa da ƙafarta.

Ƙanwata ba ta taɓa zubar da ciki ba, ba ta taɓa tunaninsa ba, amma yadda muke maganar zubar da ciki ya kusa kai ta kushewa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Likitoci sun ce kusan ɗaya cikin kowane ciki shida ko bakwai da mace ta san da shi yana ƙarewa da ɓari, da yawa daga ciki saboda halittar ɗan tayin ce ba ta daidaita ba tun farko. Ku lissafa matan gidanku. Duk garin da aka mai da jinin mace abin zargi, waɗannan ne za su fara jin tsoron ƙofar asibiti.

Gara in faɗi inda na tsaya, don kada wani ya ɗora mini abin da ban ce ba. Ni Musulma ce, malamar makaranta, uwar ƴaƴa biyar. Na yarda abin da ke cikin mahaifa yana da alfarma tun ranar da ya zauna, kuma ba na goyon bayan a buɗe ƙofa kowa ya zubar don ya ga dama. Na kuma yarda matar da ke ɗauke da shi rai ce cikakkiya, mai ƴaƴa da ke jiran ta dawo gida. Duk lokacin da na faɗi waɗannan biyun a zama ɗaya, ɓangare guda ya ce Turawa sun saye ni, ɗayan ya ce har yanzu kaina bai waye ba. An kai matsayin da ba a yarda mutum ya riƙe gaskiya biyu a hannu ɗaya.

Wannan zafin ba duka ne na gida ba. Ta salula yake shigo mana. Yau a turo wa mata a WhatsApp hoton ɗan tayi gunduwa-gunduwa da murya a kai tana tsinuwa, gobe wata ɗiyarmu da ke karatu a Yamai ta sa hoton masu zanga-zanga a wata ƙasa da allon da ke cewa jikina nawa ne ni kaɗai. Tushen wannan faɗa mai tuta biyu Amurka ne. A 1973 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar Roe da Wade, ta ce mace tana da ƴancin zubar da ciki. Ranar 24 ga Yuni 2022 kotun nan dai ta soke hukuncin, ta mayar wa kowace jiha wuƙa da nama, ta yadda abin da ke halal a wannan jiha laifi ne a maƙwabciyarta. Faransa, wadda ta halatta shi tun 1975 da dokar Simone Veil, ta mai da martani da shigar da shi cikin tsarin mulkinta ranar 4 ga Maris 2024, da ƙuri'a 780 a kan 72. A Amurka abin ya zama rigar jam'iyya: faɗi matsayinka a kai, an san wanda za ka zaɓa. Har jini an zubar. A 2009 wani mutum ya bi likita George Tiller cikin cocinsa a garin Wichita ranar Lahadi ya harbe shi, yana cewa rai yake karewa.

Kuma ƙurar faɗan tana sauka a kanmu. Tun 1984, zamanin shugaban Amurka Reagan, akwai ƙa'idar da ke hana kuɗin Amurka na tsarin iyali ga duk ƙungiyar waje da ke zubar da ciki ko ba da shawararsa, ko da da kuɗin wani take yi. An cire ta a 1993, an mayar a 2001, an cire a 2009, an mayar a 2017, an cire a 2021, an sake mayarwa a 2025. Wato tallafin lafiyar mata a ƙasashe irin tamu yana hawa yana sauka da zaɓen da ba mu jefa ƙuri'a a cikinsa ba.

Kowane ɓangare yana da gawawwakin da ba ya son a ambata. A ƙasar Ailan, a Oktoban 2012, wata likitar haƙori ƴar asalin Indiya, Savita Halappanavar, ta je asibiti da cikin mako 17 yana ɓarewa. Ɗan ba zai rayu ba, kowa ya sani, amma tunda zuciyarsa tana bugawa aka ƙi fitar da shi, har ƙwayar cuta ta shiga jininta ta rasu. A Romaniya gwamnatin Ceausescu ta kafa hani mai tsanani a 1966 don a ƙara yawan jama'a, dubban mata suka mutu a hannun masu zubarwa a ɓoye kafin a soke dokar a 1989. A ɗaya gefen kuma, ƙasar Sin ta yi shekara fiye da 30 tana tsarin ɗa ɗaya, an tilasta wa mata zubar da cikin da suke so. Indiya sai da ta yi doka a 1994 ta hana likita faɗa wa iyaye ko mace ce ko namiji, saboda yadda ake zubar da ciki da an ga ɗiya ce. In na tuna wannan sai ayar Suratut Takwir ta faɗo mini, ranar da za a tambayi jaririyar da aka binne da rai a kan wane laifi aka kashe ta.

Na ga irin waɗannan tutoci biyu da idona a ƙasarmu Nijar. An taɓa tura mu wani taron bita a wani otal a Yamai. Wata matashiya mai jawabi, da faransanci mai santsi, ta ce cikin farko-farko gudan jini ne kawai, fitar da shi bai wuce cire haƙori ba, kuma al'ada da addini su ne shingen da ya rage a kawar. Wata malama da ke zaune kusa da ni, wadda na san ta yi ɓari uku kafin ta samu ɗa, ta tattara jakarta ta fita, ba ta dawo ba har aka rufe taron. Ta yi kukan waɗannan ukun, ta san ba haƙori ta rasa ba. Bayan ƴan makonni, a nan Tawa, na ji wani mai wa'azi da lasifika yana cewa ko likita ya ce uwar za ta mutu a bar wa Allah, duk wanda ya taɓa cikin ya yi kisan kai. Ita matashiyar ta rufe kunnen duk wanda ke ɗakin nan daga sauran maganarta, ciki har da mai amfani. Shi kuma ya faɗi abin da manyan malamai ba su faɗa ba, ga kuma mazaje suna saurare, waɗanda gobe su ne za a nemi izininsu a bakin ɗakin tiyata.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, muna da namu ma'auni, sai dai ba a karanta wa mutane shi. A watan Yunin 2006 majalisar dokokinmu ta yi abu biyu. Ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta 2003 a kan haƙƙin matan Afirka, ƙuri'a 42 a kan 31. Sashe na 14 na yarjejeniyar ya yarda da zubar da ciki in an yi fyaɗe, ko cikin ɗan'uwa na jini ne, ko akwai haɗari ga lafiya, kuma ba shi kaɗai ya tayar da ƙura ba, har da maganar shekarun aure da gado. Wannan kowa ya ji labarinsa. Amma a cikin watan nan dai, ranar 21, aka kafa dokar lafiyar haihuwa, wadda ta ce zubar da ciki ba hanyar tazarar haihuwa ba ce, sannan ta halatta shi a hali biyu bisa shawarar likitoci: in ci gaban cikin zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, ko kuma in mace ta nema saboda an gano ɗan yana ɗauke da cuta mai tsananin gaske. Abin da ya fita daga nan laifi ne, mai kai mace da wanda ya taimaka mata gidan kaso. Na tambayi malamai ƴan'uwana a lakwal ɗinmu, masu karatu da rubutu, ban samu ko biyu da suka san da wannan doka ba. Hanin aka sani, rangwamen an bar shi a takarda. Da aka rufe cibiyoyin Marie Stopes, wata ƙungiyar waje mai aikin tazarar haihuwa, a Nuwamban 2018 bisa zargin zubar da ciki ba bisa doka ba, ko da maƙwabciyarmu Benin ta faɗaɗa tata doka a 2021 zuwa mako 12, an yi ta cacar baki kwana da kwanaki, amma ban ji wanda ya ce a zauna a karanta wa jama'a abin da tamu dokar ta ce ba.

Bayan abin da ya samu ƙanwata na je wurin kawuna, wanda ya yi shekara fiye da arba'in yana ba da karatun Ahalari da Iziyya da Risala a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, tambaya gare ni, amma mai nauyi ce." Ya ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba ki rabo da tambaya. Zauna." Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi sauri ba. Ya fara da hadisin Ibn Mas'ud, na huɗu a cikin Arba'una, wanda ko ƴan Islamiyya sun haddace: kwana arba'in ɗigon maniyyi, arba'in gudan jini, arba'in tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Kwana 120 ke nan. Ya ce bayan wannan malamai sun haɗu a kan haramci, sai fa in ran uwa ne ke cikin haɗari tabbatacce, to a nan ana ceton uwa, domin ita ce tushe, ɗan kuwa reshe ne, kuma ana ɗaukar ƙaramar cuta don a kauce wa babba. Kafin kwana 120 kuwa akwai saɓani. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce mafi tsanani: maganar da aka dogara a kanta ita ce ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba, duk da cewa Lakhmi, shi ma babban Bamalike ne, ya yi sassauci kafin arba'in. Malaman Hanafiyya da yawa sun yarda kafin busa rai in akwai uzuri.

Sai ya jawo Risala ya buɗe babin diyya. Ya nuna mini cewa wanda ya doki mace ta yi ɓari, akwai abin da shari'a ta ɗora masa, ana ce masa gurra, ƙimarsa dinari 50, alhali diyyar cikakken mutum dinari 1000 ce. Ya rufe littafin ya ce, "Kin gani? Wanda ya ce ba komai ba ne, ga shi an sa masa fansa. Wanda ya ce daidai yake da kashe babban mutum tun daren farko, shi ma ba haka aka rubuta ba." Na daɗe ina juya wannan magana. Mutanen da suka rubuta littattafan nan ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba su da na'urar hoton ciki, amma sun zauna sun ƙidaya kwanaki, sun auna uzuri da uzuri, sun yi saɓani ba su kafirta juna ba. Na zamaninmu ma sun yi: a 1990 majalisar fiƙihu ta Rabita, ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka ta yanke cewa in kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar ɗan tayi yana da mummunar nakasa marar magani, ana iya fitar da shi kafin kwana 120 in iyayen sun nema. Tunisiya, ƙasar Musulmi kuma ƙasar Malikiyya, ta halatta shi a wata ukun farko tun 1973. Ban ce mu bi Tunisiya ba, ni kaina ban yarda da nisan da ta yi ba. Abin da nake nunawa shi ne tsakanin "ko kusa" da "yadda kika ga dama" akwai fili mai faɗi, kuma malamanmu sun daɗe da shiga cikinsa. Zanen aro ba ya rufe katara, ga namu a ninke a cikin akwati.

Yanzu in zo inda ya fi ciwo, wato yarinyar da ta yi ciki ba aure. A nan ne muryoyi suka fi tashi, a nan ne kuma aka fi rashin adalci. Ciki mutum biyu ke yin sa. Amma ita ce za ta bar lakwal, ita za a kai ƙauye wurin gwaggo a ɓoye, uwarta ce za ta daina zuwa biki, ɗanta ne za a kira da sunan da zai bi shi har tsufa. Shi kuwa yana fada da dare yana shan shayi, in zancen zubar da ciki ya taso ma shi ne mai babbar murya. Sau da yawa shi ne ya miƙa mata jika biyar ya ce ta san yadda za ta yi, ko kuma uwar da ke tsoron bakin duniya ce ta jiƙa mata abin da za ta sha. Daga nan sai kanwa, sai bula, sai ƙwayoyin masu talla a tire, sai wani ɗaki a bayan gari. Wadda ta tsira da rai wani lokaci ta rasa mahaifa. Wadda ta kasa, ta ɗaure ciki da zane wata tara, ta haihu ita kaɗai, da safe a tsinci jariri a bola ko a salga, a kai ta gidan kaso. Duk wanda ya ce yana kishin ran ɗan tayi, amma ya shirya jifan uwarsa da gorin ɗan in ya zo duniya, shi ne ke tura ta wurin mai tire. Laifi tudu ne.

Addinin da muke kafa hujja da shi ba haka ya koyar ba. Matar nan Bagamidiya da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗi laifinta da bakinta, cewa ya yi ta koma sai ta haihu, sannan ta koma sai ta yaye, kuma ya hana a zage ta. Suratun Nur ta sa bulala 80 ga wanda ya yi wa mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Fiƙihun Malikiyya ya yarda ciki yana iya kwanciya shekaru, abin da iyayenmu ke kira kwantaccen ciki, kuma kowa ya san asirin mata nawa wannan ya rufa a ƙasar da maza ke shekara uku ko huɗu a wajen bida. Magabata suna neman ƙofar da za su rufa wa mace asiri, mu kuma muna karanta karnenta a tsakar gida.

Akwai tambayar da har yanzu take hana ni barci, ita ce ta fyaɗe. Dokarmu ta 2006 ba ta sa shi cikin uzuri ba. Na koyar da yara ƴan shekara goma sha biyu, sha uku, na san girman ƙugunsu. In wani ƙato a gidansu ko a hanyar rijiya ya danne ɗaya daga cikinsu, ban iya duban idonta in ce mata ba abin da za a tattauna ba. Na kuma san ɗan da ke cikin bai yi laifin komai ba. Lokacin yaƙin Bosniya a shekarun 1990 an kai wa malamai wannan tambaya, wasu daga cikinsu suka ba da rangwame a kwanakin farko. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da malamanmu da likitocinmu da alƙalai da ungozomomi za su zauna a kan wannan, a cikin harshenmu, ba don wata ƙasa ta sa sharaɗin tallafi ba, su fito da magana a kan kwana nawa, da shaidar wa, a hannun wa. Kafin nan ma akwai abin da ba ya bukatar jira: yarinyar da aka kai asibiti cikin kwana uku ana iya ba ta maganin da ke hana cikin shiga tun farko, da na kariya daga ƙanjamau. Iyaye nawa suka san haka? Yawanci ana ɓoyewa ne har sai ciki ya fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana zubar da ciki kusan miliyan 73 a shekara a duniya, kashi 45 cikin 100 ta hanya mai haɗari, a Afirka kuwa kusan uku cikin huɗu. Ta kuma ce tsananta hani ba ya rage yawansa, ɓoye shi yake yi. Wanda yake son a rage da gaske, hanyar a bayyane take, sai dai ba ta da daɗin ihu. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a tsakaice, mata 535 suna mutuwa a kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Ba duk mai neman zubar da ciki ce budurwa ba. Akwai matar aure mai goyon wata biyar da ta yi kwanika, jininta bai dawo ba, miji ba ya aike. Maganin tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati tun 2006. Sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka, kamar yadda Jabir ya ruwaito, Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu, kakanninmu ma suna raba shimfiɗa har a yi yaye. To wanda ya haramta zubarwa, ya haramta tazara, ya hana a yi wa yara bayanin jikinsu, ya kuma ƙi a kama namijin, wace ƙofa ya bar wa matar nan? Makarantar mazaje da aka faro a Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, ta fi mini duk wani hoton WhatsApp amfani.

A bakin ƙofar matanite kuwa ba na ganin akwai abin saɓani. Mace ta zo tana zubar da jini, a kwantar da ita, a tsayar da jinin. Wankin cikin da ake yi wa mai ɓari shi ne ake yi wa wadda ta sha wani abu, kuma kula da ita bayan abin ya faru ba laifi ba ne a doka, ba zunubi ba ne a addini. In tambaya ta zama dole don a san maganin da za a ba ta, a yi ta a hankali, a bayan labule, ba a gaban dangin miji ba. Ma'aikaciyar da ta tare mu a daren nan ban riƙe ta a zuciya ba. Ita ma a cikin wannan hayaniya ta tashi, tana tsoron kada a ce da hannunta a ciki.

Da za a sallami ƙanwata a karo na biyu, na roƙi ungozomar ta kira uwar mijin da ƙanen mijin, ta faɗa musu da Hausa a gabana cewa ɓari ne, kuma jinkirin zuwa ne ya kusa kashe ta. Ta yi haka, Allah ya saka mata. Tsohuwar ta yi shiru, ta ce, "Allah ya ba da mai amfani." Yanzu ƙanwata tana da ciki wata biyar, tana zuwa awo ba fashi. Amma karnen ba ya kwana a gidan mijinta. Ranar awo takan biyo ta gidana ta karɓa, in ta dawo ta miƙo mini in mayar cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwan Sallah. Awonta na gaba ranar Talata ne, ta ce in raka ta.